Daga Ɗakin Gwaje-gwaje Zuwa Jagorancin Masu Tsara Kayan Tsaro



Muna godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama a nan Dogon Daji cikin hutun nan, suka kuma ɗora mana nauyin amsa wata tambaya da ƙannenmu masu shirin shiga jami'a suke yawan yi. Tambayar ita ce: in mutum ya karanta Fiziks, me zai zama? Amsar da aka saba ji daga Tambuwal har Kebbe guda ɗaya ce, wai malamin makaranta. Koyarwa kuwa aiki ne mai daraja, ba domin ita ba da babu ɗayanmu a wannan zaure. Amma akwai wata hanya da ba a cika ambata ba a ƙasarmu, wadda take tashi daga ɗakin gwaje-gwaje, ta bi ta masana'anta, har ta kai mutum ga shugabancin masu tsara kayan tsaron ƙasa. A kanta za mu yi magana yau, mu ga waɗanda suka bi ta, da kuma dalilin da ya sa muke ganin ƙarancin masu bin ta ya fara jawo mana asarar rayuka.

Saboda iyayenmu da ke wurin, bari mu fara fayyace kalmar. Fiziks shi ne ilmin da ke binciken ƙa'idojin da aka ɗora halitta a kansu: yadda abu yake motsi, yadda haske da sauti da zafi suke tafiya, yadda lantarki da maganaɗisu suke aiki. Babban abin da yake koya wa ɗalibi shi ne awo. Ba a karɓar magana a cikinsa sai an auna, in kuma an auna sai an faɗi iyakar kuskuren da ke cikin awon. A riƙe wannan, domin a kansa sauran jawabinmu ya rataya.

Mu mutanen ƙasar Sakkwato ba sai an yi mana dogon bayani a kan dangantakar ilmi da makami ba. Ran 15 ga watan Maris 1903, a filin Giginya, rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta fi ta Turawa yawa nesa ba kusa ba, kuma babu wanda ya taɓa zargin kakanninmu da ƙarancin zuciya. Abin da suka tarar a gabansu shi ne bindigar Maxim, wadda take amfani da ƙarfin da harsashi ke tura bindiga baya da shi, ta fid da kwanso, ta ɗura wani harsashin da kanta, har ta harba ɗaruruwa cikin minti ɗaya. Ƙa'idar da ke bayan haka, wato duk abin da ka tura shi ma yana tura ka daidai gwargwado, yau tana cikin littafin 'yan sakandare. Duk da haka bindigar ita kaɗai ba ta ci Sakkwato ba. A bayanta akwai masana'antar harsashi a Ingila, da jirgin ruwan da ya kawo shi, da 'yan dakon da suka ɗauko shi a ka, da horon da ya sa soja ya tsaya cikin sahu bai harba ba sai an ba shi umurni. Wannan haɗuwa ta abubuwa da yawa domin biyan bukata ɗaya ita muke kira tsari, mai kula da ita kuwa shi ne injiniyan tsari.

In muna son misalinsa a gida, sai mu tuna madugu. Fataken da suke bi ta Jega su nufi Gwanja sayen goro, kowa da jakinsa da hajarsa, amma mutum ɗaya ne ya san nisan zango zuwa zango, da inda ruwa yake, da inda 'yan fashi ke kwanto, da sarkin da za a biya wa fito. Bai fi kowa iya ɗaurin kaya ba. Aikinsa shi ne ayari ya je ya komo.

To, yaya aka yi masana Fiziks suka zama madugai a sha'anin yaƙi? Cikin watan Janairu 1935 ma'aikatar jiragen saman Ingila ta tambayi Robert Watson-Watt, wanda ya daɗe yana amfani da rediyo wajen gano inda hadari yake, ko za a iya ƙera wani haske da zai halaka matuƙin jirgin abokan gaba daga nesa. Mataimakinsa Arnold Wilkins ya zauna ya buga lissafi, ya ga wutar da ake bukata ta wuce duk abin da za a iya samu. Suka ce ba zai yiwu ba. Amma lissafin ya nuna musu wani abu dabam: igiyar rediyo in ta bugi jikin jirgi tana komowa kamar amsa-kuwwa. Ran 26 ga watan Fabrairu 1935, kusa da Daventry, suka yi gwaji da tashar watsa shirin BBC, suka gano jirgi daga nisan mil 8. Mafarin na'urar hango jirage ke nan a Ingila, wadda ake kira rada. Lissafinta ba shi da wuya. Igiyar rediyo tana gudun kilomita 300,000 cikin daƙiƙa ɗaya, saboda haka in jirgi yana nisan kilomita 150, zuwa da komowa zai ɗauke ta kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Wanda ya iya auna wannan ɗan lokaci ya san nisan jirgin.

Jamusawa ma suna da rada, ta wajen ƙira ma tasu ba ta gaza ta Ingila ba. Inda aka fi su cikin 1940 shi ne wajen tsari. Labarin da ya fito daga tashoshin rada, da na mutanen da aka ajiye suna duban sama da ido, duk ana aika shi ta wayar tarho zuwa ɗaki ɗaya, a tace shi, a ɗora a kan taswira, a sanar da matuƙa cikin 'yan mintoci. Da haka jirage kaɗan suka yi aikin jirage masu yawa.

Mutumin da muke so mu daɗe a kansa shi ne Patrick Blackett. Ya fara da aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'an nan ya tafi Jami'ar Kambirij ya yi bincike a kan ƙwayar zarra a ƙarƙashin Rutherford, har ya sami kyautar Nobel cikin 1948. Cikin 1941 aka sa shi ya taimaki rundunar jiragen saman da ke farautar jiragen ƙarƙashin teku na Jamus, waɗanda suke nutsar da jiragen da ke kawo wa Ingila abinci. Ya tara matasan masana, suka zauna a kan rahotannin matuƙa suna ƙirga. An saba saita bam ɗin ruwa ya fashe a zurfin ƙafa 100, bisa zaton cewa jirgin ƙarƙashin teku yana hango jirgin sama sai ya nutse. Wani masanin Fiziks daga cikinsu, E. J. Williams, ya nuna cewa wanda ya nutse da wuri ya riga ya ɓace, ba a san inda za a jefa masa bam ba. Wanda ake iya samu shi ne wanda aka rutsa a saman ruwa, shi kuwa bam yana wuce shi ya fashe can ƙasa bai taɓa shi ba. Aka mai da saitin wajen ƙafa 25, sai yawan waɗanda ake nutsarwa ya tashi ƙwarai, alhali ba a sayi sabon jirgi ko ɗaya ba.

Daga baya Blackett ya duba ayarin jiragen kaya. Hafsoshin ruwa sun yi imani ƙaramin ayari ya fi tsira. Ƙididdiga ta nuna masa akasin haka, dalilin kuwa kowane mai garka a fadama ya san shi. Garkar da tsawonta taki 10 faɗinta taki 10, shingenta taki 40 ne. In aka mai da ita 20 da 20, filin ya ninka sau 4, amma shinge sau 2 kawai ya ninka. Jiragen rakiya su ne shinge. Cikin 1943 aka ƙara girman ayari. Da an tambayi madugun Gwanja, da ya ce ai shi ya sa ba ya tashi sai fatake sun taru, sai dai shi ba zai iya kafa hujja da alƙaluma a gaban hafsoshi ba.

Akwai kuma inda Blackett ya faɗi gaskiya aka ƙi ji. Cikin 1942 mai ba Churchill shawara kan kimiyya, Lindemann, shi ma masanin Fiziks, ya kawo lissafin yawan gidajen Jamusawa da za a rushe in aka yi wa biranensu ruwan bamabamai. Henry Tizard ya ce lissafin ya zarce gaskiya sau 5, Blackett ya ce sau 6. Tun cikin 1941 wani bincike ya nuna cewa cikin jiragen da suka ce sun kai hari da dare, ɗaya bisa uku ne kawai suka kusanci wurin da mil 5. Duk da haka aka bi Lindemann, aka ƙone birane da mata da yara a ciki. Mun kawo wannan ne domin kada wani ya zaci digiri na Fiziks laya ce. Mutum biyu masu ilmi ɗaya, ɗaya ya faɗa wa shugaba abin da yake son ji, ɗaya ya faɗa masa abin da alƙaluma suka ce.

Bayan yaƙin hanyar ta zama tsani sananne. A Amurka, Harold Brown ya sami digirin digirgir na Fiziks yana da shekara 21, ya shugabanci ɗakin binciken makamai na Livermore cikin 1960, ya zama darektan bincike da injiniyanci na ma'aikatar tsaro cikin 1961, ya riƙe ministan tsaro daga 1977 zuwa 1981. A kowane mataki abin da yake yi da hannunsa yana raguwa, abin da yake yanke hukunci a kai yana ƙaruwa. A Indiya kuwa akwai Abdul Kalam, ɗan wani mai kwalekwale a Rameswaram, wanda ya yi digirin Fiziks cikin 1954 kafin ya koma injiniyancin jiragen sama. Rokar farko da ya jagoranci ƙerawa domin harba tauraron ɗan'adam ta faɗa teku cikin watan Agusta 1979. Shugabansa Satish Dhawan ya fito gaban 'yan jarida ya ɗauki laifin. Da aka yi nasara cikin Yuli 1980, sai Dhawan ya tura Kalam ya yi bayani. Cikin 1983 aka ba Kalam jagorancin shirin makamai masu linzami na Indiya, ya kuma zama shugaban ƙasa daga 2002 zuwa 2007. Wannan ɗabi'a ta Dhawan ba a koyar da ita a darasin Fiziks, amma in babu ita babu matashin da zai yarda ya gwada abin da zai iya faɗuwa.

Mu komo gida. Wurin da aka fi ganin masana kimiyya a wannan aiki a Nijeriya, ko mun so ko mun ƙi, shi ne ɓangaren Biyafara lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970. Da aka toshe musu hanyoyi, sai suka tara malaman jami'a da injiniyoyi, cikinsu har da Felix Oragwu, malamin Fiziks na Jami'ar Nsukka, da Gordian Ezekwe, injiniya. Suka tace man fetur, suka ƙera rokoki da nakiyar da suka sa wa suna Ogbunigwe, wadda sojojin tarayya da suka yi yaƙin ba su manta da ita ba. Da aka gama yaƙi an kafa cibiyar PRODA a Inugu domin kada ilmin ya watse, Ezekwe ya shugabance ta, daga baya ya zama ministan kimiyya. Amma a ganinmu ƙasar ba ta ci moriyar waɗannan mutane yadda ya kamata ba, wasu daga cikin abubuwan da suka ƙera suna gidan tarihin yaƙi na Umuahia.

A Arewa kuwa Kaduna ce cibiya. Cikin 1964 aka kafa ma'aikatar ƙera makamai ta DICON a Kakuri, da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma, a shekarar kuma aka buɗe Kwalejin Horon Hafsoshi. Ma'aikatar ta yi bindigogi da harsasai lokacin yaƙi. Bayan yaƙi, da ciniki ya ja baya, har kayan katako da kayan samar da ruwa a karkara ta riƙa yi domin ta rayu. Masana'antar da aka saya da zanenta a shirye, in ba ta da masu bincike a bayanta, abin da aka koya mata ranar farko shi za ta yi ta maimaitawa. An ɗan farfaɗo daga baya: cikin 2019 aka nuna motar sulke mai jure nakiya da aka sa wa suna Ezugwu, cikin 2023 kuma aka yi wa ma'aikatar sabuwar doka. Cibiyar Fasaha ta Sojojin Sama da ke Kaduna ta fito da jirgi marar matuƙi mai suna Gulma cikin Disamba 2013, sa'an nan sojojin sama suka fito da Tsegumi cikin Fabrairu 2018, da haɗin gwiwar wani kamfanin Fotugal. Wanda ya raɗa waɗannan sunaye lalle ya san aikin jirgin leƙen asiri.

Duk da haka manyan kayanmu na saye ne. Cikin 2014, ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram, Amurka ta hana a sayar mana da jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra. Jiragen Super Tucano 12 da aka biya wajen dala miliyan 500 sai cikin 2021 suka iso. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Ba muna cewa gobe Nijeriya za ta ƙera kome da kanta ba ne, babu ma ƙasar da ke yin haka. Amma ko saye za a yi, sai da wanda ya san abin da zai tambaya.

Ga abin da muke nufi. Daren 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na sojojin ƙasa ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce mutum 85 aka binne, sojoji kuma suka amsa cewa kuskure ne. Kyamarar da ke gani da dare zafin jiki take gani, ba ta rarrabe mai riƙe da bindiga da mai riƙe da tasbaha daga nesa mai yawa. Bari mu yi wani lissafi na misali, alƙaluman namu ne, domin fahimta kawai. A ce akwai na'urar da ke faɗin daidai sau 95 cikin 100, mai sayarwa kuwa zai yi alfahari da ita. A ce cikin taruka 1,000 da ta gani da dare a dazuzzukanmu da ƙauyukanmu, 10 ne na 'yan bindiga, sauran 990 biki ne da suna da Mauludi da makiyaya. Za ta gano 9 ko 10 na gaskiya. Amma kashi 5 cikin ɗari na 990 ya kai wajen 50. Wato cikin taruka 60 da za ta nuna da yatsa, 50 na bayin Allah ne da ba su ji ba ba su gani ba. Ɗalibin Fiziks na aji biyu zai iya wannan lissafi a bayan ambulan. Injiniyan tsari shi ne wanda zai ɗauki sakamakon ya ce ba za a harba ba sai wata hanya ta biyu ta tabbatar, ya tsara yadda labarin mai gari da hakimi zai isa ɗakin da ake yanke hukunci kafin a danna, ya kuma kasance da muƙamin da in ya ce a dakata za a dakata.

Abin bai tsaya a Kaduna ba. Daren 25 ga Disamba 2025, lokacin da Amurka ta kai hari ta sama a jihar nan da sanin Gwamnatin Tarayya, tarkacen makami ya faɗo a Jabo, nan maƙwabtanmu. Allah ya kiyaye ba a rasa rai a garin ba. Makamai masu linzami da muke karantawa a littafi yau sun ratsa samaniyar ƙasar Tambuwal. Ya kamata a ce cikin waɗanda za su duba irin wannan ƙarfe su ce ga abin da ya faru da shi, su kuma zauna a teburin da ake shawara kafin a harba na gaba, akwai ɗan wannan ƙasa wanda ya san inda gonaki suke da ranar da kasuwa ke ci.

Mun san wani daga cikin iyayenmu zai ce a ransa, ashe yaro za mu tura makaranta ya koyo kisa? Tambaya ce mai nauyi, masana da yawa ma sun ƙi wannan aiki saboda ita, kuma muna girmama su. Abin da za mu ce shi ne, makaman nan ana sayen su ana kuma harba su ko da mu ko babu mu. Yawancin aikin ma ba na harbi ba ne: rada ce, da sadarwa, da gano nakiyar da aka binne a hanya, da sulken da ke mai da soja gida wurin 'ya'yansa. A Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya akwai 'yar tukunyar nukiliya ta bincike mai ƙarfin kilowat 30, wadda ta fara aiki cikin 2004. Cikin 2018 masananmu, tare da na wasu ƙasashe, suka cire makamashinta mai yawan inganci, irin wanda ake tsoron ya faɗa hannun masu neman haɗa bam, aka mai da shi Sin, aka sa marar hatsari a madadinsa. Wannan ma aikin tsaro ne, ba a kuwa harba ko harsashi ɗaya ba. Farfesa Ibrahim Umar, wanda ya karanta Fiziks a Zariya, ya shugabanci Jami'ar Bayero daga 1979 zuwa 1986, ya kai ga shugabancin majalisar gwamnonin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya daga 2000 zuwa 2001. Saboda haka kada wani ya ce kujerun nan ba na irinmu ba ne.

Ga ƙannenmu da suka yi tambayar, ƙofofin ba ɓoyayyu ba ne. Akwai sashen Fiziks a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai Zariya da Kano. Cibiyar Fasaha ta Sojojin Sama tana ɗaukar farar hula, Kwalejin Hafsoshi ma tana da makarantar manyan digirori da farar hula ke shiga, sojoji kuma suna ɗaukar masu digiri su ba su muƙamin hafsa. Wanda ya nufi wannan hanya ya ƙarfafa lissafi tun yanzu, ya koyi lantarki da kwamfuta da hannunsa, ya kuma koyi rubuta rahoto gajere wanda Janar marar lokaci zai karanta ya gane. Ya yi shekarun farko yana ƙera ƙaramin abu har ya yi aiki, domin maƙera ba sa bin wanda bai taɓa riƙe guduma ba.

Ga iyayenmu da shugabanninmu kuwa roƙo ɗaya muke da shi. Da yawa daga cikinmu sai da muka shiga jami'a muka fara taɓa na'urar auna lantarki da hannunmu, alhali mun ci jarrabawar Fiziks a sakandare da haddar zanenta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna roƙon a duba ɗakunan gwaje-gwajen makarantun sakandaren Tambuwal da Kebbe kafin a koma hutu, a rubuta abin da ke akwai da abin da babu. Mu ɗaliban kimiyya da ke nan mun yarda mu yi wannan ƙirga kyauta in an ba mu izini, mu miƙa wa shugaban taro.